Ranar da Aka Tambayi Ƙanena Shaidar Annabi Musa

Masallacin da ke ƙofar gidanmu a unguwar Mamobi Baba ne ya gina shi tun kafin a haife ni. Da katako da kwano ya fara, daga baya jama'ar layinmu suka taimaka aka sa bulo. Ƙaramin masallaci ne na salloli biyar, in sahu ya cika sai wasu su shimfiɗa tabarma a bakin hanya. Baba ya yi limancinsa har gwiwoyinsa suka gaza ya koma sallah a zaune, sannan ya sa ƙanena a gaba, kowa kuma ya yi na'am. Wannan limancin ne aka ƙwace wa ƙanena a kan idona, saboda wata tambaya da ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Yawancin waɗanda suka yi abin sun riga mu gidan gaskiya, na kuma roƙa musu gafara kamar yadda addini ya ce, amma har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Ƙanena a hannun Baba ya sauke karatu, ya shiga littattafai, sannan ya bi boko har jami'a, inda ya karanta tarihi. Yana koyarwa a wata sakandare, don haka kowa Ticha yake ce masa, har Baba. Mutum ne mai sanyin magana, aibinsa ɗaya: bai iya ba da rabin amsa ba. In kika tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ya gaya miki abin da ya sa za a iya yi, da abin da ya sa ba lalle a yi ba, kafin ya gama shanyarki ta jiƙe. In na yi masa tsiya sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai gaggawa gare ki."

Ni tela ce a lokacin. Ina da ɗan shagon katako a gefen tashar motocin da ke tsakanin Nima da Mamobi, kusa da babbar kwatar nan da kowa ke ce wa gota. Ran Lahadi motoci ba su da yawa, fili yana samuwa, a nan ake yin muhawara tsakanin Musulmi da Kirista bayan La'asar. Abin ya yi ƙarfi ne bayan shekarar yunwa, lokacin da samarinmu suka dawo daga Legas ba aiki ba sana'a, wasu da kaset-kaset na wa'azi a jaka. Za a kawo tebur biyu a ajiye suna kallon juna. Kirista su zo da kayansu na coci, namu su zo da jallabiya, masu gasasshiyar ayaba da masu ruwan sanyi su kewaye. Ni ba zuwa nake yi ba, muhawarar ce take zuwa ƙofar shagona, teburin Musulmi ma kusan a jikin kekena ake kafa shi.

Akwai alƙali, wani tsohon direba ɗan ƙabilar Ga wanda ba ya zuwa coci ba ya zuwa masallaci, shi ya sa kowane ɓangare ya yarda da shi. Ƙararrawa yake riƙewa irin ta makaranta. Akwai kuma doka guda da aka kafa tun bayan wani karo da aka tashi da jifa: duk tambayar da ka jefa wa abokin hamayyarka, dole ka yarda a mayar maka da irinta, kuma dole ka amsa. Mayarwa ake ce mata. Dokar ta yi kyau ƙwarai, don takan sa mutum ya tauna magana kafin ya furta ta, in yana da hankalin taunawa.

Shugaban samarinmu ba shi da wannan hankalin. Zan kira shi Mai Lasifika, tun da lasifikar tasa ce, da batirin motar da ake haɗa ta da shi, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Murya gare shi kamar ta kwandasta, in ya riƙe makirfo sai jijiyar wuyansa ta tashi. Abokin karawarsa wani fasto ne dattijo, ɗan ƙabilar Ewe, wanda a zango ya girma, wato unguwar baƙi Musulmi irin tamu, yana jin Hausar zango tsaf, irin wadda mace da namiji duk "kai" ake ce musu. Ni nake ɗinka wa matarsa kaya, kuma duk babbar sallah sai an kai masa nama daga gidanmu. Shi ba ya ihu. Sai ya bari Mai Lasifika ya gama kumfar baki, ya gyara tabarau, ya faɗi magana biyu uku, Kirista su tafa. Makonni aka yi ana haka, har samarinmu suka fara jin kunyar zuwa.

Wata ranar Asabar ina tsakar gida ina yanka yadi a kan tabarma, sai ga Mai Lasifika ya yi sallama, wai wurin Ticha ya zo. A gabana aka yi maganar. Ya ce ya ji a wani kaset cewa Turawa da kansu, masu tonon ƙasa da binciken tarihi, suna shakkar labaran da ke cikin littafin Kirista. Ya ce gobe da wannan zai kayar da fasto: zai ce masa ya ajiye littafinsa, ya kawo shaida daga waje.

Ticha ya ce, "Kada ka yi wannan tambayar."

"Saboda me?"

"Saboda mutanen da ke cikin littafin nasu namu ne mu ma. Annabi Ibrahim, Annabi Musa, Annabi Dauda, Annabi Isa, wanne ne za ka ce ba naka ba? In ka ce ya kawo dutse, zai ce ka kawo naka. Ka manta da mayarwa?"

Mai Lasifika ya yi dariya ya ce shi ya san yadda zai juya ta. Ya ce, "Kai dai ka zo ka zauna a teburinmu, Ticha. Ganinka kawai nake so su yi. Wallahi ba za ka ce uffan ba."

Ticha ya ƙi. Sai mutumin ya wuce shi ya shiga zauren Baba, ya durƙusa, ya marairaice murya: "Malam, addini ake karewa a bainar jama'a, ga ɗanka mai ilimin abin yana noƙewa." Baba bai taɓa son muhawarar nan ba, yakan ce hayaniya ce ta waɗanda ba su da aikin yi. Amma tsoho ne, kuma an taɓa masa inda yake masa ciwo. Ya kira Ticha ya ce, "Je ka zauna musu, kada a ce gidanmu ne ya ƙi." Ticha ya ce to.

Ran Lahadi tasha ta cika maƙil, don samarin sun yi ta yaɗawa cewa yau akwai ɗan jami'a. Ticha ya zo ya zauna a ƙarshen benci, dab da ƙofar shagona, ya haɗa hannuwa a cinya. Alƙali ya kaɗa ƙararrawa. Mai Lasifika ya miƙe, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya kawo inda yake so.

"Fasto," in ji shi, "rufe littafinka! Ban da littafin nan naka, wa ya taɓa ganin Yesu? Kawo mana dutse ɗaya, ko takarda ɗaya ta wanda ba Kirista ba, da ta nuna an ma taɓa yin mutumin a duniya, balle a zo maganar gicciye!"

Jama'armu suka ɗauki kabbara har kwanon shagona yana amsawa. Ni kuwa na saki almakashi na dafe ƙirji. Annabi Isa fa! Ɗan Nana Maryamu! Musulmi ne ya tsaya a gaban duniya yana tambaya ko an taɓa yinsa, Musulmi kuma suna yi masa kabbara. Ba wanda ya ce a'uzubillahi. Ku riƙe wannan, don daga baya duk sun manta an yi shi.

Da ya ga an tafa masa, sai kansa ya ƙara kumbura, ya juyo ya nuna Ticha da yatsa: "Kuma kada ka kawo mana tatsuniya, ga masanin tarihi nan a teburinmu!" Mutumin da ya rantse jiya ke nan.

Fasto ya gyara tabarau ya ce, "To ai shi ke nan. Ni ban yi jami'a ba. Tun da kuna da masani, shi ya amsa. Abin da ya faɗa, na yarda." Alƙali ya ce magana ta yi daidai, ya kaɗa ƙararrawa. Aka miƙa wa Ticha makirfo. Ya dube ni sau ɗaya, na girgiza masa kai, amma ina zai gudu?

Ya miƙe ya ce akwai shaida. Ya ce wani marubucin tarihi na Rumawa da wani na Yahudawa, dukansu ba Kirista ba, sun ambaci Isa a rubuce-rubucensu, ba da daɗewa sosai bayan zamaninsa ba, sun kuma ce gwamnan Rumawa ne ya yanke masa hukuncin kisa. Ya ce an ma tono wani dutse mai ɗauke da sunan gwamnan. Kirista suka fara tafi. Ya ɗaga hannu ya ce su dakata: mu Musulmi mun yi imani ba a kashe shi ba, an kamanta musu ne, shi kuma marubucin tarihi abin da mutane suka gani suka faɗa yake rubutawa, don haka wannan bai rushe imaninmu ba. Jama'armu suka ɗan saki rai, amma Mai Lasifika ya riga ya ɗaure fuska, don tambayarsa ta mutu a hannun ɗan teburinsa.

Sai fasto ya ce, "Mayarwa."

Ya ci gaba da cewa, "Ni ba zan taɓa Annabinku ba. A cikinku nake zaune, namanku nake ci. Zan tambaya a kan wanda muka haɗa. Ticha, rufe littafinku, ni ma na rufe nawa. Musa. Ina shaidarsa a tarihi?"

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ya zaɓi wannan, na kuma gane ba mugunta ba ce. Shi ya sakankance amsar i ce. A cocinsu ana cewa an ga ƙafafun karusan Fir'auna a ƙarƙashin teku. Mu ma a wa'azinmu kullum ana cewa gawar Fir'aunan Annabi Musa tana nan a ajiye a Masar, da sunansa da komai. Yana so Ticha ya ce akwai, shi kuma ya ce to kun gani, littafina gaskiya ne. Kowa a filin nan, Kirista da Musulmi, i yake jira.

Ticha ya ce, "Har yanzu ba a samu ba."

Ya ce akwai wani dutse na wani Fir'auna da ya ambaci Bani Isra'ila a matsayin al'umma, amma sunan Annabi Musa bai fito a wani dutse ko takarda ta zamaninsa ba. Ya ce maganar karusai a teku ba masanin da ya tabbatar da ita. Ya ce gawarwakin Fir'aunoni suna nan da yawa a Masar, amma ba wadda aka rubuta a jikinta cewa ita ce ta wancan, masana zato kawai suke yi.

Har nan kowa ya ji. Na ga fasto da kansa ya saki baki. Ticha ya ja numfashi zai ci gaba, ni kuma da na san shi na san yanzu ne zai kawo ɗaya rabin. A daidai nan Mai Lasifika ya sunkuya ya fizge wayar daga jikin batir. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba, tsakanina da hannunsa bai fi tsawon yadi biyu ba.

Ticha bai ma lura ba. Ya ci gaba da magana a cikin mataccen makirfo, da muryar nan tasa da ko a tsakar gida sai ka matso. Ya ce rashin samu ba ya nufin ba a yi ba. Ya ce makiyaya masu yawo a hamada ba sa barin gini. Ya ce kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Sakkwato da jakuna, yau wa zai tono sawunsa, amma ga mu nan tsaye. Ya ce shi ya yi imani da Annabi Musa ne don Allah ya faɗa, ba don shebur ya tabbatar ba, kuma wanda ya rataya imaninsa a kan tono zai sha wahala. Mu da muke kusa muka ji: ni, da alƙali, da fasto da ya matso, da mutanen teburinmu. Mai Lasifika ya ji kowace kalma, wayar tana hannunsa. Sauran jama'a kuwa hayaniya ta riga ta ɓarke, wani yana cewa innalillahi, wani yana cewa boko ta cinye shi. Alƙali ya yi ta kaɗa ƙararrawa a banza, aka watse.

Kafin Magariba magana ta riga mu isa gida: wai Ticha ya ce ba a taɓa yin Annabi Musa ba. Washegari a kasuwar Nima mai sayar mini da zare ta tambaye ni ko gaskiya ne ƙanena ya shiga coci. Ran Talata gwaggonmu ta hau motar hayar nan da ake ce wa turoturo tun daga unguwar Madina ta zo tana kuka, wai a unguwar Tudu ta ji direbobi suna cewa ɗan Liman ya ƙaryata annabawa gaba ɗaya.

Ban iya haƙuri ba. Na yafa mayafi na sami Mai Lasifika a majalisarsu, suna shan shayi. Na ce, "Kai! Wa ya fara cewa a rufe littafi? Wa ya tsaya ya ce a nuna masa ko an taɓa yin Annabi Isa? Wa ya rantse a tsakar gidanmu cewa yaron nan ba zai yi magana ba? Me ya sa ka cire waya?"

Ya ce wai ya cire ne don ya kare kunnen jama'a daga ɓarna.

Na ce, "Ɓarna? Ai ɓarnar ka bari aka ji, gyaran ne ka yanke! Ka ji shi da kunnenka yana cewa ya yi imani. Tashi ka gaya wa mutane abin da ka ji, in kai ɗan halak ne."

Ya kurɓi shayi ya ce, "Ke mace ce, wannan maganar ilimi ce, je ki kama ɗinkinki."

Na ce, "Ilimi? Ilimin kaset? Kunyar kayen da ka sha ce take cinka, kake neman wanda za ka shafa wa kashin kaji." Na wanke shi tas, har mai shayi yana ba ni haƙuri. Abokansa suka yi ta kallon ƙasa. Cikinsu akwai waɗanda suke teburin a ranar, sun ji abin da na ji, ba wanda ya ɗaga kai. Waɗannan sun fi Mai Lasifika ba ni haushi, wallahi, don shi aƙalla yana da abin da yake karewa.

Fasto, bawan Allah, ya zo har gida ya gaida Baba, ya ce shi shaida ne, Ticha ya faɗi imaninsa a fili. Da ya fito ya tsaya wurina ya ce, "Kai ka yi haƙuri, ni ban san haka za ya zama ba." Zuwan nasa ya ƙara dagula lamarin. Kafin ya kai bakin titi an fara cewa ga shi nan, har fasto ne ke kare shi.

Sai dattawan masallaci suka zo wurin Baba, Mai Lasifika yana bayansu kamar ba ruwansa. Ina bayan labule ina ji. Suka ce ba za su iya bin sallar wanda ke shakkar annabi ba. Baba ya sa aka kira Ticha, ya ce ya maimaita duk abin da ya faɗa, daga farko har ƙarshe. Ya maimaita. Baba ya ce, "Ka yi imani da Annabi Musa, Kalimullahi?" Ya ce, "Na yi, Baba, kamar yadda ka koya mini." Baba ya dubi dattawan ya ce, "To me ya rage?"

Suka ce abin da ya rage shi ne jama'a. Jama'a a tasha suka ji, a tasha za a gyara. Ran Lahadi ya riƙe makirfo ya ce kuskure ya yi, ya sake bincike, an tono shaidar, gawar Fir'auna ma an tabbatar da ita. In ya yi haka magana ta wuce.

Ticha ya ce, "Zan tsaya a tasha in yi kalmar shahada, in lissafa annabawa ɗaya bayan ɗaya in ce na yi imani da su. Amma ba zan ce an tono abin da ba a tono ba. Gobe ɗalibaina za su tambaye ni a aji. Kuma ya za a yi in yi ƙarya da rana, in zo in ja ku sallah da yamma?"

Wani dattijo ya ce, "Ƙaryar kare addini ai ba ƙarya ba ce." A zauren Baba aka faɗi wannan, a gaban littattafansa! Na ciji mayafina don kada in yi magana. Suka tashi ba a daidaita ba.

Daga La'asar ɗin ranar suka fara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka yi shi. Ruwan alwalar masallacin nan mu matan gida muke ɗebo shi, kuma duk wanda ya zauna a Mamobi a shekarun nan ya san wahalar ruwa: layi a famfo tun da sassafe, bokiti a ka, wani lokaci sai mun tsallaka har Nima. Sai su zo su cika butoci da ruwanmu, su yi alwala a ƙofar gidanmu, su shiga su zauna. Ana tayar da iƙama Ticha ya matsa gaba, sai su miƙe ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki takalmansu, su tsallaka hanya, su yi sahu a gaban shagon wani mai walda, Mai Lasifika ya ja su. Da sun yi zamansu a gida da ya fi mini sauƙi. Na ce wa Baba daga yau ba mai ƙara ɗiban ruwan nan. Ya ce, "Ki ɗebo. Alwala suke yi." Na ci gaba da ɗebowa ina zage-zage a raina.

Baba kaɗai ya rage a bayan Ticha, a zaune a kan buzunsa. Ladan ma ya bi jama'a, don haka Ticha ne ke kiran sallah, shi ke iƙama, shi ke ja. Ta tagar ɗakina nakan hango su, su biyu a cikin masallacin da a da ba ya ɗaukar mutane. Wasu sukan zo wurin Ticha a ɓoye su ce sun san an zalunce shi, amma ya gane, suna da iyali, suna da abokan ciniki. Yakan ce ya gane. Ni ban gane ba, kuma har yau ban gane ba.

An ɗauki makonni a haka. Damina ta sauka, masu sallah a bakin hanya suka fara jiƙewa, amma suka gwammace ruwa ya dake su da su shigo. Baba yana zaune a ciki yana jin ruwa na dukan tsofaffin abokansa. Na lura ya rage cin abinci. Wata rana bayan Azahar na kai masa koko, na tarar ya riƙe hannun Ticha.

Ya ce, "Ticha, ba ka yi laifi ba. Ni na tura ka, kuma da ka yi ƙaryar da suka nema da na ji kunyarka. Amma masallacin nan ba don ni da kai na gina shi ba. Ba zan mutu in bar shi kango ba."

Ticha ya ce, "Na ji, Baba."

Na dire kwanon na ce, "Baba, haba! Shi ke nan an ba marar gaskiya gaskiya? Wa za a sa a gaba?" Baba bai dube ni ba. Ya ce jama'a su za su zaɓi wanda suke so. Ai kuwa kowa ya san wanda za su zaɓa. Na ce wa Ticha ya tattara ya koma wani masallacin, ko ya bar unguwar ma gaba ɗaya, unguwar Madina tana nan, unguwar Malam tana nan. Ya ce, "Yaya, wa zai riƙa kama Baba yana kai shi sahu?"

Da Magariba suka dawo, masallaci ya cika har waje, ana ta gaisawa kamar ba abin da ya faru. Ticha ya kamo Baba ya zaunar da shi a sahun farko, shi kuma ya koma can baya wajen takalma. Mai Lasifika ya shige gaba ya tsaya inda Baba ya tsaya shekara da shekaru. Ina tsaye a taga, na kasa ko yin alwala don baƙin ciki.

Ya yi kabbara, ya karanta Fatiha, ya ɗauko wata doguwar sura, don ranar farko ce yana so a ji shi. Bai yi nisa ba ya kakare. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ce a raina, yauwa, Allah ya kama ka, tsaya nan har Isha. Baba muryarsa ba ta fita sosai a lokacin, dattawan nan kuwa masu hukunta imanin mutane ba wanda ya iya ɗora masa.

Daga can wajen takalma muryar ƙanena ta taso a hankali, ya ba shi ayar. Mai Lasifika ya karɓa ya ci gaba da karatunsa. Da aka sallame suka shafa addu'a, suka miƙa wa sabon limaminsu hannu, suka bi ta gefen Ticha suna neman takalmansu, ba wanda ya ce masa sannu. Ya jira suka gama fita, ya je ya ɗago Baba.